Yadda Ake Gane Kumburin Ɓoye Mai Rura Ciwon Sukari da Yadda Ake Rage Shi

Idan aka ce kumburi, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne wanda ido ke gani: maruru da ya tasa ya yi ja, ko ƙafar da ta yi targaɗe ta haye, ko wurin da zuma ta harba yake raɗaɗi. Irin wannan kumburi aikin garkuwar jiki ne, yana zuwa da zafi da ciwo, ya yi kwanakinsa, sannan ya saɓe idan raunin ya warke. Akwai kuma wani iri wanda ba ya ja, ba ya zafi, ba ya kawo zazzaɓi, amma yana iya shafe shekaru yana ci a hankali a cikin kitsen ciki da hanta da bangon jijiyoyin jini, kamar wutar da ta kama ƙaiƙayi, wadda ba a ganin harshenta sai dai a tarar da toka. Binciken masana na shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa wannan kumburin ɓoye yana da hannu sosai a ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, da kuma cututtukan da ke tafiya tare da shi, irin su kitsen hanta da toshewar jijiyoyin zuciya. Ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ya fi bayyana a ƙuruciya, labarinsa daban ne, kuma ba shi ne abin magana a nan ba.

Kafin a shiga bayanin abin da mutum zai yi, wajibi ne a san abin da binciken ya gano da abin da ya kasa cimmawa, domin wanda ya ji rabin labarin zai iya wucewa kai tsaye kemis ya sayi maganin kumburi, ya jawo wa kansa wahalar da ta fi wadda yake gudu.

A shekarar 1993 wani likita ɗan asalin Turkiyya mai suna Gokhan Hotamisligil, wanda a lokacin yake karatun digirinsa na uku a Jami'ar Harvard ta Amurka ƙarƙashin Bruce Spiegelman, ya buga sakamakon wani bincike da ya sauya yadda ake kallon kitse. Kafin nan galibi ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai, inda jiki ke ajiye rarar abinci har ranar buƙata. Shi kuwa ya gano cewa kitsen ɓerayen da suka yi ƙiba fiye da kima yana fitar da wani sinadari mai suna TNF-alfa da yawa, alhali wannan sinadari an san shi ne a matsayin makamin da garkuwar jiki ke harbawa lokacin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Da aka toshe aikin sinadarin a jikin ɓerayen, sai jikinsu ya ƙara karɓar umarnin insulin, sukari ya riƙa shiga tsoka fiye da da. Bayan shekaru 2 ya nuna cewa kitsen mutane masu ƙiba ma haka yake.

Ga yadda abin ke faruwa. Insulin kamar baƙo ne da ke yin sallama a ƙofar gida yana neman a buɗe wa sukari ya shiga. Ba ya shiga ciki da kansa, akwai wani furotin a cikin ƙwayar halitta, mai suna IRS-1, wanda yake zaune a zaure yana karɓar sallamar ya isar da ita ciki. Sinadaran kumburi suna toshe kunnen wannan mai zama a zaure, sai insulin ya yi ta sallama ba a amsa sosai ba. Gaɓar da ke samar da insulin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta ƙara yawan abin da take fitarwa domin a ji ta, ta yi shekaru a haka sukari bai hau ba, mutum kuma bai san komai ba, har ranar da za ta gaji. A shekarar 2003 wasu masana a Jami'ar Columbia da ke New York, ƙarƙashin jagorancin Anthony Ferrante, suka gano inda mafi yawan sinadaran ke fitowa: wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne masu haɗiye datti, da ake kira makurofaj, waɗanda ke tururuwa cikin kitse idan ƙwayoyinsa suka cika suka fara mutuwa. A jikin siririn mutum ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin kitse ba, amma a jikin mai ƙiba sosai sukan kai kusan kashi 40.

Daga nan tunani ya tafi inda ya kamata ya tafi: idan kumburi ne ke rura ciwon, to a ba da maganin kumburi a gani. An gwada, kuma sakamakon shi ne darasin da ya fi muhimmanci a wannan fanni. Toshe TNF-alfa a jikin masu ciwon sukari bai yi aikin da ya yi a ɓeraye ba. A shekarar 2007 Marc Donath da abokan aikinsa a Suwizalan da Danmak suka ba marasa lafiya wani magani mai suna anakinra, mai toshe wani sinadarin kumburin da ake kira IL-1, a gwajin da ya ƙunshi mutum 70 na tsawon makonni 13, sai awon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na watannin baya, ya sauka da kusan 0.5 idan aka kwatanta da waɗanda ba su sami maganin ba. A 2013 aka fitar da sakamakon gwajin salsalet, wani ɗan'uwan asfirin, wanda tun a 1876 wani likitan Jamus mai suna Wilhelm Ebstein ya lura cewa danginsa na rage sukari a fitsari. Ya rage HbA1c da 0.37, amma ya ƙara mugun kitsen jini da furotin a fitsari, wanda alama ce da ba a so ga ƙoda. Sai babban gwaji na 2017 mai suna CANTOS, wanda Paul Ridker ya jagoranta a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. Maganin da aka gwada, kanakinumab, wanda shi ma yake toshe IL-1, ya rage sake aukuwar matsalar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 15 cikin 100, abin da ya tabbatar da cewa kumburi na da laifi na gaske a ciwon zuciya, amma bai hana mutane kamuwa da ciwon sukari ba, kuma ya ƙara yawan masu mutuwa sakamakon harbin ƙwayoyin cuta, tunda an rage wa garkuwar jikinsu ƙarfi.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, shi ne cewa kumburin ɓoye amsa ce da jiki ke bayarwa ga wani abu da ke damunsa dare da rana, don haka toshe amsar da ƙwaya ɗaya ba ya wadatarwa muddin abin da ke jawo ta yana nan. Aikin da ke gaban mutum shi ne ya nemo abubuwan da ke tsokanar garkuwar jikinsa ya rage su ɗaya bayan ɗaya.

Ana farawa da awo, kuma awon farko ba ya buƙatar asibiti. A sami tef irin na tela, a tsaya a miƙe da safe kafin cin abinci, a zagaya shi a ƙugu a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, wanda galibi yake daidai cibiya ko ɗan sama da ita, a karanta bayan an fitar da numfashi ba tare da tsuke ciki ba. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta sanya santimita 94 ga maza da 80 ga mata a matsayin iyakar da haɗari ke fara ƙaruwa. Akwai kuma lissafi mai sauƙin riƙewa: kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, wato mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Wannan awo ya fi hawa sikeli amfani a wannan batu, domin kitsen da ke kewaye da hanji ya fi na cinya da ɗuwawu yawan fitar da sinadaran kumburi, kuma jininsa kai tsaye yake zuba a hanta. Saboda haka mutumin da hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne amma yana da tumbi bai kamata ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya tsira ba, kuma tumbin da a da ake kallo a matsayin alamar hutu da wadata ya kamata yanzu a kalle shi da wani ido.

Awo na biyu na jini ne. A je ɗakin gwaji da safe bayan an shafe aƙalla sa'o'i 8 ba a ci komai ba sai ruwa. Idan sukari ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, wanda ya yi daidai da 126 a ma'aunin miligiram, kuma aka maimaita wata rana aka sami haka, to ciwon sukari ne. Tsakanin 6.1 da 6.9 kuwa mutum yana bakin ƙofa, kuma a nan ne ƙoƙari ya fi saurin biya. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukari na watanni 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma 6.5 ita ce iyakarsa, sai dai akwai abin lura ga mutanenmu: ciwon sikila, da ƙarancin jini, da ƙarin jini da aka yi kwanan nan duk suna iya karkatar da sakamakonsa, har ma mai rukunin jini AS wasu injinan ba sa karanta nasa daidai. Wanda ya san yana cikin waɗannan ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jinin.

Shi kansa kumburin ana leƙa shi ne da gwajin CRP, wani furotin da hanta ke fitarwa idan sinadaran kumburi sun iso gare ta. Nau'in gwajin da ake buƙata shi ne mai kaifi, wanda ake rubutawa hs-CRP, domin na yau da kullum ba ya kama ƙananan lambobi. Ƙasa da miligiram 1 a lita ɗaya ana ɗaukarsa ƙaramin haɗari, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuma babba. Wani bincike da aka buga a 2001 a kan mata ma'aikatan lafiya a Amurka ya nuna cewa waɗanda CRP ɗinsu ya fi hawa sun fi waɗanda nasu ya fi ƙasa yiwuwar kamuwa da ciwon sukari da kusan ninki 4, ko bayan an cire tasirin ƙiba daga lissafin. Amma a ƙasashenmu wannan gwaji yana da tarko, domin zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da mura, da ciwon haƙori duk suna ɗaga shi sama ƙwarai. Kada a yi shi lokacin rashin lafiya ko cikin makonni 2 da warkewa, kuma idan ya haura 10 a ɗauka akwai wata cuta da ke aiki a jiki, a neme ta, sannan a sake gwajin daga baya. A ganina wanda kuɗinsa ba su kai ga duka gwaje-gwajen ba ya fifita na sukari da awon hawan jini, tunda tef ɗin tela ya riga ya ba shi rabin amsar da CRP zai bayar.

Bayan awo sai aiki, kuma mafi nauyinsa shi ne rage kitsen ciki. Ba a buƙatar mutum ya rame. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 da ke bakin ƙofar ciwon, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, yayin da rukunin da aka ba ƙwayar metfomin, wato maganin ciwon sukari, suka sami ragin kashi 31, kuma CRP na masu motsa jikin ya sauka da kusan kashi 30 cikin shekara guda. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗan ɗori ba, abin da za a iya cimmawa cikin watanni 6 idan ana rage kilo ɗaya a wata. Ga waɗanda ciwon ya riga ya kama, gwajin DiRECT na Birtaniya, wanda Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta aka buga a 2017, ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na masu ƙibar da ba su wuce shekaru 6 da kamuwa ba sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda na tsarin rage nauyi, kuma a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye adadin ya kai kashi 86. An yi wannan ne da tsauraran matakan abinci ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, don haka ba abu ne da mai shan magani zai kwaikwaya shi kaɗai a gida ba.

A fagen abinci, wurin da ya fi dacewa a fara shi ne abin sha, domin sukarin da ke cikin ruwa yana shiga jini da sauri kuma ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, wato cokalin shayi 8 ko 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma rabin haka ya fi. A haɗa wannan da shayin safe mai madarar gwangwani mai zaƙi, da kunun zaƙi na rana, da zoɓon da aka zuba wa sukari, da furar da ita ma aka zuba mata, sai a ga mutum ya ninka iyakar bai taɓa alewa ba. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ragewa a hankali: wanda yake sa cokali 4 a shayi ya koma 3 na mako biyu, sannan 2, har harshe ya saba. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne a wurin jiki, kada a musanya ɗaya da ɗaya a zaci an yi dabara.

Sai hatsi, inda nake ganin muna da arziƙin da muke sakaci da shi. Gero da dawa da acca da wake suna da dusa da zare waɗanda ke jinkirta shigar sukari cikin jini, kuma su ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Waɗannan ƙwayoyi suna sarrafa zaren su samar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, kuma wani bincike na Patrice Cani da abokansa a 2007 ya nuna a jikin ɓeraye cewa abinci mai yawan maiƙo yana sa gubar ƙwayoyin hanji ta tsallaka cikin jini ta tayar da irin wannan kumburi na ɓoye. Matsalar ita ce yawan surfe da tankaɗe suna raba hatsi da dusarsa, kuma farar shinkafa da burodi da taliya da semo sun mamaye kwanon da a da tuwon dawa ke ciki. Abin yi shi ne a rage surfe, a bar gari da ɗan tsakinsa, a riƙa haɗa shinkafa da wake rabi da rabi, a kuma sauya yadda ake raba kwano: malmala ɗaya matsakaiciya maimakon biyu, miya kuma ta yawaita. Miyar kuka da kuɓewa da ayoyo da taushe, da kwaɗon zogale ko na rama, da faten da aka cika wa alayyafo da yakuwa, duk suna kai mutum ga giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da hukumar lafiya ke so a ci kullum. Gero ma sitaci ne, don haka mai ciwon sukari da ya cika kwano da tuwon gero ko ya sha fura kofi uku zai ga sukarinsa ya hau. A rage soye-soye, musamman abin da aka soya a man da aka maimaita ɗorawa a wuta har ya yi baƙi, a fifita kifi da gyaɗa da riɗi a kan nama mai kitse.

Motsa jiki yana da wata fa'ida da ta wuce ƙona kitse. Bente Klarlund Pedersen ta Jami'ar Copenhagen da abokan aikinta sun nuna tun farkon shekarun 2000 cewa tsoka idan tana aiki tana sakin sinadarai cikin jini waɗanda ke sa jiki ya samar da masu kwantar da kumburi, ban da cewa tsoka mai motsi tana iya jan sukari ko da insulin bai yi aiki sosai ba. Minti 150 a mako na nufin minti 30 sau 5, da tafiyar da ta kai mutum ya ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya magana. Lokacin tafiyar ma yana da tasiri: wani gwaji a Jami'ar Otago ta New Zealand a 2016 ya gano cewa tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi tafiyar minti 30 a dunƙule rage hawan sukari, kuma bambancin ya fi fitowa bayan abincin dare. Magidancin da zai taka zuwa masallaci mai ɗan nisa bayan ya ci tuwon dare maimakon ya kishingiɗa, da matar da za ta zagaya tsakar gida na minti 10 bayan an kwashe kwanuka, duk sun yi abin da binciken ya nuna. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis da ke wuni a zaune ya riƙa miƙewa duk rabin sa'a ko da na minti 2 ne.

Akwai wata mashigar kumburi da ba kasafai ake kawo ta cikin zancen sukari ba, wato baki. Ciwon dasashi na dindindin, wanda alamarsa ita ce jini lokacin goge baki, da wari, da haƙori mai girgiɗi, rauni ne buɗaɗɗe da ke zuba ƙwayoyin cuta da sinadaran kumburi cikin jini kullum. Ciwon sukari yana ƙara tsananta shi, shi ma yana ƙara hawan sukari. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan a 2022, an ga cewa wanke dasashi a asibitin haƙori yana rage HbA1c da kusan 0.4 bayan watanni 3 zuwa 4, wato kusan daidai da abin da waɗancan magungunan kumburi suka yi, kuma ba tare da haɗarinsu ba. Don haka a riƙe asuwaki ko buroshi safe da dare, a kai shi har gindin haƙora a hankali, kuma wanda dasashinsa ke jini ya je a kankare masa dattin da ya daskare, domin asuwaki ba ya cire wanda ya riga ya zama dutse.

Barci da hayaƙi ba sa buƙatar dogon bayani. A 1999 masana a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 masu lafiya zuwa sa'o'i 4 na dare 6, sai jikinsu ya ragu sosai wajen kwashe sukari daga jini. Babban mutum na buƙatar sa'o'i 7 zuwa 8, kuma mai ƙibar da ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya wayi gari a gajiye, ya kamata ya ga likita. Shan taba yana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon sukari da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, shisha ma hayaƙin taba ce. Mai girki da itace ta yi a sarari ko a ɗakin girki mai taga.

Wajibi ne in tsaya a kan magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba, domin a nan ne kalmar kumburi ke iya yaudarar mutum. Diklofenak da ibufurofen da danginsu, waɗanda ake sha domin ciwon jiki, ba sa maganin irin wannan kumburi, kuma shan su kullum yana lalata ƙoda ya kuma jawo gyambon ciki, alhali ƙodar mai ciwon sukari da hawan jini dama tana cikin haɗari. Mafi muni su ne dezametazon da firedinisolon. Su ne magungunan kumburi mafiya ƙarfi, amma suna ɗaga sukarin jini kai tsaye, suna tara kitse a ciki da fuska, suna kawo hawan jini, har suna iya jefa mai lafiya cikin ciwon sukari. Su ko danginsu ne ake sakawa a cikin wasu ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata ke sha, da wasu haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓoɓi da ake ƙullawa a leda, da wasu mayukan sauya launin fata. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya daina rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne ga rai, ya je asibiti a rage masa a hankali. Asfirin kuma, ko da ƙaramin ne, likita ne ke yanke wanda ya dace ya sha, saboda yana iya jawo zubar jini a ciki. Haka nan garin kurkur da sauran haɗin da ake tallatawa a intanet da sunan wanke kumburi ba su kai matsayin da za a ajiye maganin asibiti saboda su ba. Magungunan da likita ya rubuta, irin su metfomin da masu rage kitsen jini, su kansu suna sauke CRP a matsayin ƙarin amfani.

Kada kuma zancen kumburin ɓoye ya sa a manta da na fili. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa kowane dare, domin jijiyoyin da suka mutu ba sa sanar da shi ya taka ƙaya ko takalmi ya ci shi. Ƙafar da ta yi ja, ta yi ɗumi, ta kumbura, ko gyambon da ya ƙi warkewa, abin zuwa asibiti ne a ranar, ba abin jiƙo ko sakiya a gida ba. Tarin da ya wuce makonni 2 shi ma a gwada shi, tunda ciwon sukari yana ninka haɗarin tarin fuka kusan sau 3.

A sami ƙaramin littafi a rubuta awon ƙugu da nauyi da sukari da hawan jini na ranar farko, a maimaita awon ƙugu duk wata, na jini kuma bayan watanni 3, a tafi da littafin wurin likita tare da duk ƙwayoyin da ake sha, har da na gargajiya. Wannan ziyara tana da muhimmanci musamman ga mai allurar insulin ko mai shan maganin sauke sukari na gilibenkilamayid da danginsa, domin idan nauyi ya fara sauka motsa jiki kuma ya ƙaru, adadin maganin da ya dace da shi a da zai iya yi masa yawa, sukari ya faɗi ƙasa da kima. Alamun haka su ne rawar jiki, da gumi mai sanyi, da yunwa mai tsanani, da faɗuwar gaba, da ruɗewa. Wanda ya ji su ya sha rabin kofin lemo ko cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa nan take, ya sake awo bayan minti 15, ya ci abinci, sannan ya sanar da likitansa domin a daidaita masa maganin. Idan kuma mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a garzaya da shi asibiti.